Kafar Gwaggo

Asabar

Zuwa ga taubashina Mai Littafi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da maman yara da yaran, da uwata da ka ƙwace mini tun muna ƙanana, har ni ma na koma ce mata Gwaggo kamar kai. Ni lafiya ƙalau, sai dai tsayuwar asibiti da ba ta ƙarewa.

Ban yi maka maganar nan a waya ba saboda ka san Gwaggo. Kunnenta ba ya jin kiran a zo a sha magani, amma yana jin raɗa daga ɗaki na uku. Shi ya sa na buga a na'urar ofis, na tura wa mai shagon kwafi na layinku ya fitar maka a takarda. Na san na'urar ba ta san haruffa masu ƙugiya ba, na kuma san za ka zauna ka kwafe wasiƙar a littafinka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana manna musu ƙugiya. Allah ya ba ka lada, ya ba matarka haƙuri.

Kafar Gwaggo ce ta hana ni sukuni tun da na dawo daga hutu. Na lura ta ƙara girma, gefenta ya yi baƙi, kuma ina zargin akwai tsagewa daga ciki. Na yi mata magana, ta ce in fita harkar kafarta, tun kafin a haife ni take tare da ita. In har tsagewar ce, sai an sa mata siminti, ko tana so ko ba ta so. Amma daga nan ba zan iya ja da ita ba sai da hujja.

Don haka ka samo mana kyamarar tsaro, irin wadda ake kallo a waya. Ka sa ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida inda zan riƙa ganin kafar sosai, musamman safe da yamma. Ka ce mata ta tsaron gida ce. Ba ƙarya ka yi ba.

Kada ka kwashe wata guda kana zaɓe. Na san ka.

Taubashiyarka,
Nas

*

Juma'a

Zuwa ga Nas,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ni ran Litinin da hantsi, na kwafe ta a littafi, na sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Kowa lafiya. Ƙaramar 'yarmu ta yi mura ta warke. Gwaggo lafiya lau, sai dai ta daina zuwa kasuwa da kanta, ta ce rana ta yi yawa bana, ta kuma koma sa silifas ɗin marigayi Baba, wai sun fi nata laushi.

Ran Talata na rufe shago da wuri na tafi layin masu kayan lantarki. Ni dai gyaran keken ɗinki na sani. In keke ya yi ƙara na san inda ke masa ciwo, amma kyamara ko ta yi kuka ba zan gane ba. Mai shagon farko, wani mai tabarau a goshi, ya ce, "Mai waya kake so ko marar waya?" Na ce mai waya mana, ai a waya za a riƙa kallo. Ya yi dariya har ya dafa kanta, ya ce, "Yallaɓai, dukkansu a waya ake kallo. Wayar wuta nake nufi, wadda ake ja a bango." Na rubuta wannan don kada in sake jin kunya a shago na gaba. A shago na gaba kunyar daban na ji, ba sai na ba ki labari ba.

Iri uku na ware. Ta farko sai an ja mata waya, an huda bango, an ajiye akwatin adana hoto a falo, kuma da an ɗauke wuta ta makance. Ta biyu batir gare ta da ɗan faifan sola kamar murfin littafi, da katin ajiya a cikinta, ta intanet ɗin gida take aiko da hoto. Ta uku tana juya kai tana bin mutum. Na matsa hagu ta bi ni, na matsa dama ta bi ni, sai na ji kamar na ɗauki abin wani. Na ce wannan ba za ta kwana biyu a gidanmu ba Gwaggo za ta jefe ta da ludayi.

Ta biyun na zaɓa, guda biyu. Tana jure ruwan sama, tana gani ko babu fitila, tana da lasifika da za ki iya magana ta ciki a ji ki a tsakar gida. Tun da na zaɓa kuma nake ganin kamar ta farkon ce daidai. Maman yara ta ce in na ƙara ta da maganar za ta koma kwana ɗakin Gwaggo.

Game da kafar Gwaggo, kin fi ni ido. Kullum ina ganinta, ban taɓa lura ba. Na jira ta yi barcin rana na lallaɓa da tef ɗin awo. Ta ƙaru da yatsu uku a kan yadda na san ta. Gefen ya yi baƙi kamar yadda kika ce, da na ƙwanƙwasa kuma na ji ƙarar tsagewa, babu tantama.

Amma maganar siminti tana ba ni tsoro. Kin san gidan Malama a bayanmu yake, ƙofarsa na kallon wani layi, zagayen minti ashirin ne a ƙasa. Shekara arba'in ke nan ita da Gwaggo suna miƙa wa juna kwano da labari ta katangar nan, Gwaggo a tsaye kan bulonta don ta kai. In aka sa siminti, su biyun sai ta ina? Ki sake tunani. Wataƙila ni ne ban gane ba, abin da ya saba faruwa ke nan.

Naki,
Mai Littafi

*

Lahadi

Mai Littafi,

Salam. Ina lafiya, a tsaye na karanta taka tsakanin masu jinya biyu. Shafi huɗu, uku da rabi duk kyamara. Ta biyun ta yi, ka daina tunani.

Ƙwanƙwasawa kuma? Wa ya aike ka? Kada ka ƙara taɓa ta, ba keken ɗinki ba ce. Amma tun da har ta ƙaru da yatsu uku, ba sai an jira ni ba, ka shirya a sa simintin. Malama ta yi haƙuri, sati shida ne kawai a cire. Kafin nan ka sa wa kafar matashi a ƙarƙashi.

Gobe za mu tafi aikin rigakafi a ƙauyuka, sati uku, babu waya babu intanet. In na dawo ina so in buɗe wayata in ga aikinka. Ka gaida kowa.

Nas

*

Alhamis

Zuwa ga Nas,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki ga wannan ba sai kin dawo, amma gara in rubuta tun abin yana da zafi. Jiki dai kowa lafiya. Sauran kuma ga shi.

Wasiƙarki na karanta sau huɗu. Simintin da ake cirewa bayan sati shida ban taɓa jin sa ba. Na tambayi magini, ya ce shi ma haka, amma in an yi kwaɓin da ruwa-ruwa ba ya wuyar fasawa. Matashin ma ya ɗaure mini kai, daga baya na ce wataƙila don kada gefen ya ƙara gutsirewa in an jingina ne. Na samo ƙarami na shimfiɗa a bakin kafar. Ya cika rabinta. Magini ya kawo buhun siminti ya jingine a gindin katanga, ya ce sai ya gama wani aiki zai zo.

Jiya mai haɗa kyamara ya zo da tsaninsa da injin huda bango. Ta ƙofar gida ba ta ba mu wahala ba. Ta tsakar gida kuwa sau uku muna sauya mata wuri. A jikin kicin hayaƙi zai rufe mata ido. Kusa da tankin ruwa intanet ba ya kaiwa. A ƙarshe muka ɗaura ta ƙarƙashin rufin baranda, faifan sola a sama inda rana ke bugawa. Ya ce, "Ina za ta kalla?" Na nuna masa kafar. Ya dube ni, ya dubi kafar, ya ce, "Ramin nan?" Na ce umarni ne daga asibiti.

Gwaggo na zaune a kujerarta tana kallonmu, ba ta ko motsa ba. Ta ce, "Ɗan gidana, wannan idon na wane ne?"

Na ce, "Na tsaro ne, Gwaggo."

Ta ce, "Ɓarawon da zai shigo ta kafar nan sai dai in kyanwa ce ta haife shi. Matashin fa? Don ya huta in ya gaji?"

Mai haɗawa ya kusa faɗowa daga tsani. Da ya sauko ya sa mini manhajar a waya, ya ce in zaɓi kalmar sirri wadda ba wanda zai iya cinka. Ina cikin tunani Gwaggo ta ɗaga murya ta faɗi ranar haihuwata, ta ce ai ita zai sa, tun yana makaranta ita yake sawa a kwaɗon jakarsa. Ita ɗin ce kuwa na yi niyyar sawa. Na sauya.

Yanzu ga inda abin ya lalace. Da la'asar ina shago, wani tela ya kawo keke yana cin zare. Wayata ta yi ƙara, ta rubuta wai an ga motsi. Na buɗe, sai ga hannun Malama ya shigo ta kafar da kwano a rufe, yana lalubar hanya ta saman matashi. Telan ya yi mini magana, na ajiye wayar a kan tebur, ban san yatsana ya taɓa alamar lasifika ba. Na zaro ƙoshiyar kekensa, wadda zaren ƙasa ke zama a ciki, na ɗaga ta na ce, da muryata ta shago, "Wannan tsohuwar ta gama yayi. Ba ta da sauran amfani, raba mu da ita za a yi."

Maman yara ta ce muryar ta cika tsakar gida kamar ta mai sanarwa a tasha. Hannun ya tsaya cik. Sai fuskar Malama ta leƙo, ta dubi kyamara, ta dubi matashi, ta sunkuya ta hango buhu. Ta ce, "To, madalla. Na ga ido, na ga matashi, na ga siminti, na kuma ji murya. Ba sai an wahalar da magini ba." Ta janye kwanonta. Kafin in iso gida ta sa an buga wa kafar katako daga ɓangarenta, ƙusa huɗu.

Na yi wa Gwaggo bayanin ƙoshiya. Ta ce ta ji. Na ce ke kika ce a sa siminti. Sai ta ce, "Ashe ta gane." Ban san me kika gane ba.

Naki cikin damuwa,
Mai Littafi

*

Laraba

Nas,

Salam. Kwana shida ke nan da waccan wasiƙar tawa. Kyamara tana aiki sosai, ba ni da abin cewa a kanta. Hoto tar, batir a cike. Ta aiko mini da ƙadangare sau tara, kyanwar maƙwabta sau biyu, da katakon Malama daga safe har yamma.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na ji sauƙi. Ta daina ce mini ɗan gidana, sai "mai gida". Abinci cokali uku ta ture. Da la'asar, lokacin da suka saba hira, takan juya kujerarta ta ba katanga baya, ta kunna rediyo, ba kuma saurare take ba. Jiya ƙaramar ta ce mata, "Gwaggo, yau ba labarin Malama?" Ta ce Malama ta yi tafiya.

Ran Litinin kyamarar ƙofar gida ta nuna mini abin da ya tsaya mini a rai. Gwaggo ta fito da mayafinta da misalin ƙarfe goma, lokacin ba kowa a gida, ta nufi hanyar zagayawa gidan Malama. Ta kai wajen turken wuta, ta dafa shi, ta daɗe a tsaye, sannan ta juyo a hankali tana bin bango. Na ce zuciya ce ta hana ta, kin san ta da rashin son a ce ita ta fara kai kanta.

Magini ya zo yau da cebur, na sallame shi. Ki yi haƙuri, na saɓa miki. Matar nan ta riƙe ni tun ina shekara bakwai, ba zan toshe mata wurin da take dariya ba, ko na sati shida ne. Gobe zan ɗauki wasiƙunki na asali, na mai shagon kwafi, in kai wa Malama ta gani da idonta cewa ba ni na ƙirƙiro ba. Na san wannan kamar tura miki laifi ne. Na yi ta juya abin, ban samo wata hanya ba.

Mai Littafi

*

Asabar

Zuwa ga Nas,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, har da wadda ba ta da lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na je gidan Malama ran Alhamis da safe. Ta amsa sallamata daga ciki, ta bar ni a tsaye a baranda kamar wanda ya makara zuwa aji. Da ta fito ta ce, "Tsohuwar da ta gama yayi tana saurare." Na ba ta labarin ƙoshiya, har na ciro ƙoshiyar daga aljihu, don na taho da ita shaida. Ta juya ta a hannu, na ga gefen bakinta ya motsa, amma ta danne. Ta ce, "Simintin fa? Shi ma na keke ne?"

Na miƙa mata takardunki. Ta sa tabarau ta karanta ta farko har ƙasa, ta karanta ta biyu, ta koma ta farko. Sai ta shiga ɗaki ta fito da jan biro. Shekara goma sha biyu da barin koyarwa, har yanzu tana da jan biro mai rubutu.

Ta ce, "Kai, wa ya koya maka karatu?"

Na ce, "Ke, Malama. Aji uku."

Ta ce, "Kada ka faɗa wa kowa. Karanta mini nan."

Na duba, an buga daki. Na ce, "Ɗaki."

"Nan fa?"

An buga kofar gida. Na ce, "Ƙofar gida."

"Madalla, ashe ka san na'urar ba ta sa ƙugiya. Nan fa?"

Na ce, "Kafar Gwaggo."

Ta ce, "Duk ka sa musu hula, ita kaɗai ka bari kai a buɗe. Laifin me ta yi maka?" Ta ɗora biron a kan harafin farko ta ja masa ƙugiya, ta juyo mini da takardar.

Ƙafar Gwaggo.

Nas, na zauna a ƙasa ba tare da an ce in zauna ba. Ta ƙara girma. Gefenta ya yi baƙi. Tsagewa daga ciki. Simintin asibiti, na sati shida. Matashi a ƙarƙashi. Sai silifas ɗin Baba suka faɗo mini a rai, da kasuwar da aka daina zuwa, da turken wuta. Duk na rubuta su a littafina da hannuna, kowanne da ranarsa, ban haɗa ko biyu ba. Na san sau nawa ƙadangare ya wuce, ban san matar da nake gaisarwa kowace safiya ba ta iya taka ƙasa ba.

Malama ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Can kuma ta ce tun da takarda ta faɗa, ita ba ta karya alkawari ba. Kafin ki zo hutu da kwana uku, Gwaggo ta zame daga kan bulo suna cikin hira. Ta sa Malama ta yi mata alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta ce in yaran nan suka ji a wurin kafar na faɗi, toshe ta za su yi. Tun daga ranar take cije baki ta hau bulon da ƙafa ɗaya, Malama na miƙo mata man zafi a cikin kwanon da muke zaton abinci ne. Shi ya sa da na ce ke kika ce a sa siminti ta ce ashe kin gane.

Malama ta ce in ɗauko guduma a bayan ƙofa. Na zare ƙusoshin huɗu, ta ture matashina ya faɗa tsakar gidanmu, ta sa baki a kafar ta ce, "Ke! Asirinki ya tonu, kuma ba ni na faɗa ba. 'Yarki ce ta rubuta, ɗanki ya kasa karantawa."

Sai muka ji muryar Gwaggo daga baranda: "Wa ke magana? Na ji an ce kin yi tafiya."

Malama ta ce, "Na dawo. Ki sa mayafi, asibiti za mu, ni da ke da wannan ɗalibin nawa."

Gwaggo ta ce ba inda za ta sai an yi mata alkawarin ba za a taɓa kafarta ba. Na leƙa ta saman kafaɗar Malama na ce, "Wacce, Gwaggo? Mai ƙugiya ko marar ƙugiya?" Ta ce, "Ɗan gidana, za ka ci ludayi." Ban taɓa jin daɗin barazana irin ta ranar ba.

An yi hoton ƙashi. Tsagewa ce, sama da idon sawu kaɗan, kamar yadda kika zarga. Likita ya ce takawar da take yi ce ta hana ta haɗewa. An sa siminti, sati shida. Yanzu haka tana kwance, ƙafar a kan matashin nan dai, bayan maman yara ta wanke masa ƙurar katanga.

Na buɗe littafi na gyara kalmar a duk inda na kwafe ta, sai kuma na ga hakan kamar ɓoye laifi ne, na goge gyaran.

Naki,
Mai Littafi

*

Talata

Taubashina, shugaban masu ƙugiya,

Assalamu alaikum. Na dawo jiya lafiya, na tarar da wasiƙunka uku a jere. Na karanta ta farko a ɗakin hutu na yi ta dariya har shugabarmu ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Na karanta ta biyu na daina. Ta uku ta haɗa mini duka biyun.

Ka auna ramin katanga da tef, ka ƙwanƙwasa, ka shimfiɗa masa matashi! Wannan labari sai jikokinka sun ji shi, ni zan ba su da bakina.

Amma kada ka kwashe laifin kai kaɗai, ka rage mini nawa. Na koma wasiƙarka ta farko, ta kafin in tafi rigakafi, ga katanga nan ka rubuta ƙarara, ga bulo, ga kwano. A tsaye na karanta, abin da ke cikin kaina kawai na gani. Kuma na yi kwana goma a gidan nan ina kallon ƙafar uwata a kumbure, na tambaye ta sau ɗaya, ta kore ni, sai na koma neman na'urar da za ta kalle ta a madadina. Da ka bi maganata yadda ka fahimce ta, da yanzu katanga ta toshe, ƙafa kuma tana nan yadda take. Na gode da ka saɓa mini. Kada dai ka mayar da shi hali.

Na kira Gwaggo ɗazu, ta ce ba ta da lokaci, Malama ta zagayo suna magana.

Ka tambaye ta inda take so kyamarar ta kalla. In ta ce a cire, ka cire. Buhun simintin kuma ka san yadda za ka yi da shi.

Taka,
Nas

*

Lahadi

Zuwa ga Nas,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Kumburi ya sauka, yatsun suna motsi, na duba kamar yadda likita ya nuna mini, ban ƙwanƙwasa ba.

Buhun ya yi amfani. Malama da Gwaggo suka yi shawara, ba a nemi ra'ayina ba, aka kira magini. Ya fasa daga kafar har ƙasa, ya fitar da 'yar ƙofa, ya shafe gefenta da simintin, ya daidaita ƙasan babu tudu babu taki. An sa mata ƙyaure da sakata ta kowane ɓangare. Bulon Gwaggo na kai shi bayan tanki. Ta ce in dawo da shi, a kansa take ɗora ƙafa in sun zauna. Na dawo da shi.

Ranar da aka gama, Malama ta shigo ta sabuwar ƙofa da jan bironta, ta sunkuya ta rubuta a jikin simintin da ke ƙafar Gwaggo da manyan baƙaƙe: ƘAFA. Ƙugiyar ta fi harafin girma. Ta ce don masu karatun gidan nan. Ta kuma ce in faɗa miki ki nemi na'ura mai ƙugiya, ko ki koma rubutun hannu, in ba haka ba ta ba ki biyu bisa goma.

Na tambayi Gwaggo maganar kyamara. Na zaci za ta ce a cire, har na ɗauko tsani. Ta ce ta ƙofar gida ta zauna, ta ji daɗin sanin wanda ke buga mata ƙofa kafin ta wahalar da kanta. Ta tsakar gida kuma a sauko da ita ƙasa-ƙasa, inda hannu zai kai, a juya ta ta kalli kujerunsu. Na yi hakan. Na sa ruwan awo na tabbatar ba ta karkace ba, ko da yake har yanzu ina ganin kamar ta ɗan karkata hagu.

Ga kalmar sirri a takarda daban. Ki buɗe da ƙarfe huɗu da rabi, za ki same su su biyun a zaune, ki danna alamar lasifika ki gaishe su. Ki tabbatar kin sake dannawa kafin ki yi wa wani magana.

Abu ɗaya kawai. In kika buɗe kika ga furanni shuɗi da rawaya sun cika fuskar wayar, kada ki rubuto mini cewa na zaɓo marar kyau. Lafiyarta ƙalau. Ɗankwalin Gwaggo ne ta rataya mata. Maganarki suke yi, ko tawa.

Naki,
Mai Littafi